Tambaya da Amsa: Kakan surukata Bajamushe ne ko ɗan Poland?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ɗana yana aiki a Amurka, a garin Milwaukee, can ya auri Baturiya har Allah ya ba su 'ya'ya biyu. Da na je ganin jikoki na tambayi surukata asalinsu. Ta ce kakan mahaifinta daga Jamus ya zo a jirgin ruwa kafin Yaƙin Duniya na Farko, amma tsofaffin gidansu harshen Poland suke yi, sunan zuri'ar ma da "ski" yake ƙarewa. Sunan garin kuwa babu wanda ya sani. Ta wajenmu ina iya lissafa wa yaran nan kakanni har ƙauyenmu na Adar. Ita ta ina za ta fara?
Wata Hajiya, daga Tawa

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya raya jikoki. Babu wanda ya yi wa surukarki ƙarya. Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Poland a taswira: Prussia da Rasha da Ostiriya sun raba ta uku, kowa ya haɗiye rabonsa. Prussia ɗin nan kuma ita ta ja gaba aka haɗa Jamus ƙasa ɗaya a 1871. Don haka manomin yankin Posen da ke rabon Prussia, wanda da harshen Poland yake addu'a yake ciniki, in ya sauka Amurka sai a rubuta masa "Germany" ko "Prussia". Kamar Bahaushen Ƙonni ne da ɗan'uwansa na Illelar Najeriya a zamanin Nasara: takardar wannan ta ce ƙarƙashin Faransa yake, ta wancan ta ce Ingila, alhali tuwonsu ɗaya. Da yawan 'yan Poland da suka fara zama a Milwaukee daga rabon Prussia suka fito, kin ga labarinta ya hau.

Abin da za ki ja mata kunne a kai shi ne kada ta fara da Turai. Jamus da Poland ba su da wani babban ofishi guda da aka tara sunayen duk waɗanda aka haifa a wancan zamani. Haihuwa da aure da mutuwa a littafin cocin ƙauye aka rubuta su, daga baya kuma a ofishin rajista na yanki, wanda aka soma a Prussia a 1874, a duk Jamus a 1876. In babu sunan ƙauye, ko ta kai kanta Berlin, kuɗin jirgi kawai ta ɓatar. Sunan ƙauyen kuwa a Amurka yake ɓoye.

Ta fara da akwatin tsofaffi: wasiƙu masu hatimin gidan waya, littafin addu'a da aka yi rubutu a bangonsa, bayan tsofaffin hotuna inda mai ɗauka ke buga sunan garinsa. Ta zauna da wanda ya fi kowa tsufa a dangi ta naɗi muryarsa a waya, ko da a karkace ya faɗi sunan garin. Daga nan sai cocin da kakan ya yi aure ko aka yi wa 'ya'yansa baftisma, don wasu limaman sukan rubuta garin da iyaye suka fito. Takardar zama ɗan ƙasa, in bayan 1906 aka yi ta, tana ɗauke da wurin haihuwa da sunan jirgi. Ta kafin nan galibi sunan ƙasa ne kawai da rantsuwar ya rabu da sarkinsa na da. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1900 tana nuna shekarar isowa, ta 1910 da ta 1920 suna nuna harshen uwa. Ta 1890 kada ta wahalar da kanta, gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta.

Maganar jirgi kuwa sai da sa'a. In ta Hamburg ya tashi, kakarta ta yanke saƙa: jerin fasinjojin tashar daga 1850 zuwa 1934 suna nan, ban da shekarun yaƙi, kuma suna faɗin garin da mutum ya zauna kafin tafiya. In ta Bremen ne sai haƙuri. Tun 1875 aka riƙa lalata tsofaffin jerin saboda rashin wurin ajiya, Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye saura, na 1920 zuwa 1939 ne galibi suka tsira. A ɓangaren sauka, tsibirin Ellis na New York ya fara karɓar baƙi a 1892, kuma daga 1907 takardar jirgi tana ɗauke da suna da adireshin ɗan'uwan da mutum ya baro a gida. Za ta ji ana cewa ma'aikatan tsibirin ne suka canza wa mutane suna. Tatsuniya ce, tun a tashar tashi ake rubuta jerin. Mutane da kansu suka riƙa rage sunayensu don samun aiki.

To an sami sunan, sai ta duba taswira ta tarar babu shi. Posen ita ce Poznań ta yau, bayan 1945 kuma iyaka ta matsa yamma, Breslau ta zama Wrocław, Danzig ta zama Gdańsk, ƙananan ƙauyuka ma haka. Kundin sunayen garuruwa na Meyers, bugun 1912, yana intanet kyauta, yana faɗin gundumar kowane wuri da ofishin rajistarsa. Shafin Kartenmeister yana haɗa tsohon suna da sabo. Gundumar nan ta riƙe ta da kyau, don ƙauyuka masu suna Neudorf ko Nowa Wieś sun fi a ƙirga. Sannan ta shiga shafukan intanet na neman asali: Poznan Project, wanda ya tattara aurarrakin yankin daga 1800 zuwa 1899, da Geneteka, da FamilySearch, duk kyauta. Archion, na littattafan cocin Furotesta a Jamus, shi ne sai an biya.

Wani abokin aikina Bajamushe ya taɓa buɗe mini shafin irin wannan littafin coci a kwamfutarsa a nan Yamai. An tsaga shi gida-gida: ranar haihuwa, ranar baftisma, sunan jariri, sunan uba da sana'arsa, sunan uwa na gidansu, sai shaidu. Na zuba ido ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Tsohon rubutun hannu ne da suke kira Kurrent, "e" ɗinsa kamar "n", "h" kamar "f", shi kansa sai da ya riƙa bi da yatsa. Littattafan Katolika kuma da Latin ake yawan rubuta su, shi ya sa mutumin da gida ke kira Wojciech zai fito a matsayin Adalbertus, a Amurka ya koma Albert. Mace kuwa "ska" za a gani a ƙarshen sunanta maimakon "ski".

Kada ta yi saurin rungumar duk wanda sunansa ya zo ɗaya da na kakan. Sai ranar haihuwa da sunan uba da na uwa sun dace da takardun Amurka. Gwajin DNA da ake talla zai iya haɗa ta da dangi, amma ba zai faɗa mata sunan ƙauye ba. In takardun kakan sun yi shiru, ta bi na 'yan'uwansa da na waɗanda suka tsaya masa shaida ranar aure, don 'yan ƙauye ɗaya bin juna suke yi, su sauka unguwa ɗaya, su shiga coci ɗaya.