Hukuncin Bakaniken da Ya Sa Aka Canza Turbo Alhali Matsalar Tana Bawul ɗin EGR

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni bakanike ne, ina gyaran motocin da ke amfani da man gas. Wani mai jigilar hatsi ya kawo mini a-kori-kurarsa ƙirar Hilux, yana kukan ba ta da ƙarfi a hawan tudu, kuma tana fitar da baƙin hayaki. Na sa mata kwamfuta ta nuna lambar matsala P0299, na karɓi kuɗin dubawa, na ce masa turbo ne ya mutu, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, babu shakka. Ya sayo wani ɗan Beljiyam da kuɗi masu yawa na ɗaura, amma motar ba ta sauya ba. Daga baya na kwance bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaki cikin inji, na tarar kunkunniya ta maƙale shi a buɗe, da na wanke shi sai mota ta dawo daidai. Yanzu yana neman kuɗinsa, wani ɗalibin ilimi kuwa ya ce mini babu komai a kaina, tunda magana kawai na yi, shi ya saya da hannunsa. Tsohon turbon yana nan a shagona. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗan'uwa, domin da yawa daga cikin abokan aikinka da sun wanke bawul ɗin a ɓoye, su bar mai mota yana zaton sabon turbon ne ya gyara ta, kai kuwa ka faɗi gaskiya har ta jawo maka rigima. Halaccin karɓar lada a kan gyara da haramcin algus ba abin da za mu tsaya a kansu ba ne. Hukuncin mas'alarka yana rataye ne a kan abubuwa biyu da ka ambata da bakinka: ka karɓi kuɗin dubawa, sannan ka ce masa "babu shakka".

Kafin a ce mai sana'a ya yi sakaci, sai an tambayi masu wannan sana'a abin da ya zama wajibi a yi kafin a yanke magana. Abin da suka sani shi ne lambar P0299 tana nuna iskar da ake turawa cikin inji ba ta kai yadda ake buƙata ba, ba ta kuma faɗin dalili. Tiyon iska da ya tsage yana kawo haka, filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana kawo haka, na'urar auna ƙarfin iska idan datti ya rufe bakinta tana kawo haka. Bawul ɗin EGR kuma, wanda aikinsa shi ne mayar da wani ɓangare na hayaki cikin inji don rage zafin ƙonewa, idan ya maƙale a buɗe sai hayakin da ya kamata ya juya fankar turbo ya riƙa zurarewa ta wata hanya, iska mai kyau ta ragu, man ya ƙi ƙonewa sarai, baƙin hayaki ya fito, alhali turbon lafiyarsa lau. Turbon da ya mutu da gaske yana da shaidunsa, kuma ganinsu ba ya cin lokaci: a cire tiyo a taɓa sandar fankar turbon da yatsa a ji ko tana wasa har fanka na gugar bango, a duba ko haƙoran fankar sun karye, a saurari ƙarar da ta saɓa wa wadda aka saba, a tambayi mai mota ko tana shan baƙin mai tana fitar da hayaki mai shuɗi-shuɗi. Ba ka ambaci cewa ka yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Idan haka ne, ka bar binciken da ba ya cin kuɗi ka tsallaka zuwa mafi tsadar magani, kuma wannan shi ne sakaci a al'adar masu sana'arka, wadda Shari'a take komawa gare ta a irin wannan wuri.

Maganar ɗalibin da ya ba ka fatawa tana da tushe, shi ya sa take buƙatar a warware ta a tsanake. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin ruɗi da magana da ruɗi da aiki, suka ce asali wanda ya ruɗi wani da magana zalla ba a ɗora masa biyan asara, kamar mai wucewa da aka tambaye shi ra'ayinsa ya faɗa, aka bi aka yi hasara. Sai dai ɗalibin ya ɗauki rabin ƙa'idar ya bar rabi. Waɗannan malaman su ne kuma suka keɓe maganar da aka ƙulla yarjejeniya a kanta, suka buga misali da mai canjin da aka biya shi lada don ya tantance kuɗi, ya ce masu kyau ne, suka fito jabu. Maganar irin wannan mutum ita ce hajar da ya sayar, kuma kai ma ranar da ka karɓi kuɗin dubawa abin da ka sayar wa mai motar shi ne ganewarka. Ba za ka riƙe kuɗin a matsayin ladan aiki ba, sannan idan asara ta zo ka mayar da maganar ta zama shawarar ɗan kallo.

Bayan haka, ba ka tsaya a magana ba. Kai ka kwance tsohon, kai ka ɗaura sabon, ka kuma karɓi ladan ɗaurawa, don haka aikin hannunka ya haɗu da furucinka. Cewa da aka yi shi ya saya da hannunsa ba ta da nauyi, domin mutumin da bai san turbo daga salansa ba, wanda gwanin da ya biya ya ce masa babu shakka, zaɓinsa reshe ne na maganar gwanin. Malamai sun kawo mas'alar wanda ya ce wa tela ya yanka yadi idan zai isa riga, tela ya yanka bai isa ba, suka ɗora masa biya, saboda izinin yana ɗaure da sharaɗin da tela ne kaɗai ya san tabbatuwarsa. Izinin mai motar ma haka yake: ya yarda a canza turbo ne bisa cewa ya mutu. Kuma da za a karɓi wannan fatawa a gareji, da kowane bakanike ya sami lasisin gwaji da aljihun mutane, yau nozul, gobe turbo, jibi famfon mai, alhali dalilin da ya sa Imam Malik da almajiransa suka tsananta a kan lamunin masu sana'a, wato ɗora musu biyan asara, shi ne kare dukiyar jama'a, waɗanda ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga wanda ba za su iya bin diddigin aikinsa ba.

Da a ce ka gaya masa cewa zato kake yi, akwai wasu wuraren da ba ka duba ba, shi kuma saboda gaggawa ya ce a canza kawai, da babu lamuni a kanka. Haka kuma akwai abu guda da zai iya sauya hukuncin har yanzu, wato tsohon turbon da ke shagonka. Ku kai shi wurin wani gwani amintacce wanda ku biyu kuka yarda da shi. Idan ya tabbatar yana da lalacewar da ta cancanci canji, to ganewarka ta gaza ne kawai, kayan da aka saya bai tafi a banza ba, kuma babu biya a kanka. Idan kuwa kunkunniya ce kawai ta riƙe fukafukan da ke daidaita hayaki a cikinsa, abin da wanki yake magancewa, ko kuma lafiyarsa ƙalau, to lamuni ya tabbata.

Abin da za ka biya shi ne asarar da ta auku, ba lallai dukan kuɗin turbon ba, domin kayan yana nan kuma yana da daraja. Ka mayar masa da kuɗin dubawar farko da ladan ɗaurawa, ka mayar da tsohon turbonsa mazauninsa ba tare da caji ba, sannan a roƙi mai kayan gyaran da ya sayar da sabon turbon ya karɓi nasa. Idan ya karɓa da ragi, ragin yana kanka, idan ya ƙi, ka riƙe turbon ka ba mai motar abin da ya biya. In kuma shi ya zaɓi ya bar sabon a motarsa ku yi sulhu a kan wani adadi, ya halatta. Ladan wanke EGR haƙƙinka ne cikakke. Tsohon turbon kuwa dukiyarsa ce a kowane hali, amana ce a hannunka, kada yaranka su sayar da shi da sunan al'adar gareji. Idan kuma mai kayan gyaran ya ba ka wani kamasho a kan wannan ciniki ba da sanin mai motar ba, ka bayyana masa, ka haɗa da shi a lissafi.

Ina kuma yi maka nasiha da abin da ba ka tambaya ba. Ka cire kalmar "babu shakka" daga bakinka sai bayan ka gani da ido, ka saba da cewa za mu fara da mai arha, kuma ka riƙa kiran mai mota ka nuna masa abin da ka kwance. Ka sanar da wannan mutumin cewa barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci, da gurɓataccen man gas, da jinkirin juyen baƙin mai suna tara wannan kunkunniyar, kuma idan ya taho daga doguwar tafiya da kaya ya bar injin ya ɗan huce kafin ya kashe shi, saboda turbon. Idan wani ya nemi ka toshe hanyar EGR da farantin ƙarfe gaba ɗaya, kada ka yi hakan a ɓoye da sunan gyara, ka gaya masa cewa motar za ta ƙara fitar da iskar da ke cutar da huhun mutane, kuma ranar da zai sayar da ita wajibi ne ya bayyana wa mai saye cewa an toshe.

Wallahu a'alam.