Allon da ya tsage, batirin da ya kumbura, da garantin mai shago

Tambaya: Malam, laftof ɗina ta faɗo daga kan babur, allon ya yi baƙi da layuka. Mai gyara ya ce sefa dubu 55. Bai yi tsada ba? (Wani ɗalibi, Jami'ar Marwa)

Ƙanena, kafin ka fitar da ko dala, jona ta da talabijin ta wayar HDMI. In hoto ya fito lafiya, allon ne ko wayarsa. In bai fito ba, ciwon ya shiga ciki, sabon allo ba zai tashe ta ba. Kuɗi kuwa, iri-iri ne: allo mai ƙarancin kaifin hoto (1366x768) ya fi mai kaifin hoto sosai (1920x1080) araha, na shafawa da yatsa ya fi su duka tsada. A karanta lambar da ke bayan tsohon, a duba mahaɗinsa mai fil 30 ne ko 40, mai gyaran kuma ya faɗa maka sabo ne ko daga wata ya ciro. In gyaran ya kai rabin kuɗin irinta a gwanjo, haƙura. Kuma ka sayi jaka mai soso, ka daina saƙale ta a hammata kamar almajiri da allonsa.

Tambaya: Batirina ba ya kai minti 20, yanzu har wurin shafa yatsa ya ɗago sama. Ɗana ya ce a ɗora masa abu mai nauyi ya koma. (Wata Hajiya mai shagon buga takardu, Garwa)

Hajiya, don Allah kashe ta yanzu, ki cire caja, kada a ɗora mata komai. Batirin ya kumbura ne. Sinadarin cikinsa ya lalace ya tara iska, in aka danne shi ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta, a shagon da ke cike da takarda! A kai wa mai gyara ya cire. Kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta, yara na wasa a gefe.

Wannan magana tana ci mini rai, don kusan kowane mako sai na maimaita ta. Babu abin da ke kashe batirin litiyom kamar zafi. Kamfanin Apple ya ce kada a yi aiki da laftof ɗinsa MacBook a wurin da zafinsa ya wuce digiri 35. To, wa bai san Garwa a Maris da Afrilu ba, lokacin da ake haura 40? A haka mutum zai ɗora kwamfuta a kan katifa, ya toshe ramukan da take shaƙar iska, ya kunna kallo har barci ya kwashe shi. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta cika fankar. Gobe ya zo yana cewa an sayar masa da jabu. Teburi, Hajiya, ko faifan katako. Ni duk bayan hunturu sai na sa an buɗe tawa an hure ƙurar, kuma ina so kowa ya yi haka.

Sai caji. Kwamfutar shago da ke jone dare da rana, batirinta cike dam cikin zafi, ita ce ke fara kumbura. A tsayar da cajin a kashi 80: Lenovo na da irin wannan a manhajar Vantage, ASUS a MyASUS, Dell a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta buɗe. Na san ana ɗauke mana wuta, kowa na son ya cika tulunsa. Cika shi ranar tafiya, ba laifi. Amma zancen nan na a bar batir ya mutu murus kafin a sa caji, na tsofaffin batiran nikel ne, yanzu cutarwa yake yi.

In aka sa miki sabo, ɗan naki mai dabarar danne batir ya rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ya buɗe rahoton da za a ajiye masa. Zai ga lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. In na biyun ya yi nesa da na farkon, tsoho aka ba ki, a mayar.

Tambaya: Mai shago a Njamena ya ce in ƙara kuɗi ya ba ni garantin shekara 2. In biya? (Wani Alhaji, Kusiri)

Alhaji, garantin wa, na kamfani ko na bakinsa? Sa lambar na'urar a shafin kamfanin, za ka ga ko akwai. Garanti na yau da kullum ba ya biyan faɗuwa ko shayin da ya zube, batir ma galibi shekara ɗaya ce. In ba a rubuta sunan mai gyarawa da garin da yake ba, riƙe kuɗinka, ka sayi na'urar kare hawa da saukar wuta da cajar asali.