Filin Tambaya da Amsa: Ɗaga Hannu Gaban Farfesa Rashin Kunya Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a tsangayar aikin gona, a wata jami'a nan Sakkwato. Makonni uku da suka wuce aka gayyato wani farfesa daga wata jiha, ya yi mana lacca kan asarar da manoma ke yi bayan girbi. Mahaifina manomin albasa ne a fadama, kuma duk shekara muna ji muna gani take ruɓewa cikin rudu, wato rumbun da ake ajiye albasa, da zarar damina ta kankama. Da aka ba da damar tambaya na fara ɗaga hannu, sai ƙawata ta janye shi ta ce, "Ke, gaban manya? Mi za a ce da ke?" Sai na yi shiru. Mutum uku aka miƙa wa makirufo, duk maza, kowanne dogon jawabi ya yi har lokaci ya ƙare. Tun ranar abin ke damuna. Shin rashin kunya ne yarinya kamata ta tambayi babban malami a bainar jama'a? In ba haka ba ne, yaya ake yi? Ɗiyarka, daga Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka, ya sa wa gonar mahaifinki albarka. Ba rashin kunya ba ne, ko kusa. Kuma na ji zafin wannan hannu da aka janye, domin a zauren nan kaf ƙila ke kaɗai ce kika taɓa sa hannu cikin rudu kika tsamo ruɓaɓɓiyar albasa. Baƙon nan ya baro garinsu, ya sha hanya, don ya sadu da irinki, sai ga shi ya koma bai ji muryarki ba.

Ban ga laifin ƙawarki sosai ba. Haka aka rene mu, a sunkuyar da kai gaban babba, kada a haɗa ido da shi, kada a tari numfashinsa. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake yi wa 'ya'yana. Sai dai majalisin ilimi yana da nasa ladabi, kuma tambaya na cikinsa. Uwar muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A garin nan kuwa ba ma buƙatar zuwa nesa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta zaman wa'azin mahaifinsa Shehu Usmanu a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri: yakan fito da sakin fuska, ya yi wa jama'a sallama, ya nemi a saurara, ba ya ƙosawa da mutane, kuma in aka jefo masa tambaya yana tsakiyar magana yakan dakata ya amsa, sannan ya ci gaba. Lokacin da suke yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana neman Shehu ya hana mata zuwa majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma da baitoci, cewa barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. Bayan haka ga Nana Asma'u 'yar Shehu da ɗalibanta mata da ake kira 'yan taru, jajoji, wato shugabanninsu, na jagorantar mata daga ƙauyuka, suna tafe da ƙafa da tambayoyinsu a baki. To ke jikar waɗannan ce. Wanda ya ce miki tambaya baƙon abu ne ga 'yar Sakkwato, ki karanta masa wannan.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. A 1988, shekarar da aka sauya sunan Jami'ar Sakkwato zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina aji biyu kamarki, ina karatun tarihi. Wata rana cikin hunturu, hazo ya rufe gari, aka ce mana wani baƙon malami zai yi magana kan tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Da yawanmu don malaminmu ya ce zai duba fuskoki muka je. Baƙon ya yi bayani mai tsawo, sai can ya buɗe wata tsohuwar gafaka, ya zaro warƙa guda, ya nufi taga ya ɗaga ta sama. Ya ce mu matso. Muka yi cincirindo a bayansa. Da haske ya ratsa takardar sai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, ba da tawada aka zana su ba, tun wurin ƙera takardar aka saka su. Ya ce irin wannan takarda daga arewacin Italiya take fitowa, ta biyo ta Masar ko Tarabulus, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, har ta iso hannun malaman ƙasar nan. Na yi shekara biyu ana koya mini cinikin Sahara a allo, amma sai ranar na gan shi.

Da aka zo tambayoyi, wata yarinya da ba 'yar sashenmu ba ta miƙe daga can baya, muryarta na rawa. Abin da ta ce bai wuce wannan ba: "Malam, littattafan da kakanmu ya bari suna nan cikin ɗaki, gara na cin su. Mi za mu yi?" Sai na ga baƙon ya ajiye takardun da ke hannunsa, ya tako har gaban layinmu. Ya ce a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai danshi, kada a liƙe inda ya yage da salatif domin gam ɗinsa yana cin takarda, kada a ƙulle su cikin leda su yi gumi, kuma kada a sauya jerin warƙoƙin tunda ba ɗinke suke ba. Ya fi minti goma a kan tambayar nan, kuma da aka tashi ita ya nema, ya rubuta mata inda za ta kai su a duba. Sauran tambayoyin ranar duk sun ɓace mini, wannan kuwa yau shekara talatin da wani abu tana kunnena. Na shekara da yawa ina koyarwa a sakandare, kuma duk ajin da na shiga sai na ba su labarinta.

Yanzu ga yadda ake yi. Ki fara sanin irin zaman da kika shiga, don ba kowace lacca ake tambaya a cikinta ba. Akwai wadda 'yan jami'a ke kira inogural, wato laccar da malami ke gabatarwa bayan ya zama farfesa, ya bayyana wa duniya abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai. A nan shugaban jami'a ne ke jagorantar zama, malamai su shigo a jere cikin rigunansu, kuma bisa al'ada ba a yin tambaya bayan an gama. Laccar bikin yaye ɗalibai ma galibi saurare ake yi kawai. Amma laccar baƙo irin wadda kika halarta, da semina ta sashe, an ware musu lokacin tambaya tun a tsarin taro. Shugaban zama da bakinsa yake cewa mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda aka yi wa izini ya amsa kira, ina rashin kunya a nan?

Tun baƙo yana magana ki rubuta tambayarki a gefen littafi. Ki karanta ta a zuci, ki rage, ki sake ragewa, har ta zama abin da za ki faɗa cikin numfashi biyu. Ki zauna inda shugaban zama zai gan ki, kada ki ɓuya bayan ginshiƙi, kuma ki ɗaga hannu da wuri, domin akan ɗebi mutum uku ko huɗu a zagayen farko, sau da yawa kuma ba a samun zagaye na biyu. In an ba ki makirufo ki yi sallama, ki gaida shugaban zama da baƙo a taƙaice, ki faɗi sunanki da sashenki, sai tambaya. Misali ki ce: "Mahaifina yana zuba albasa a rudu bayan an cire ta da rani, kafin tsakiyar damina wani kaso ya ruɓe. A bincikenku, ina matsalar ta fi yawa, wajen ban ruwa da taki gab da cirewa, ko wajen shanya, ko ginin rudun ne ba ya barin iska ta ratsa?" Kin ga kin ba shi wuri, kin ba shi lokaci, kin nuna kin san abin da kike faɗa. Duk masanin aikin gona ya san albasar da aka cire wuyanta bai bushe ba, ko aka ci gaba da yi mata ban ruwa har gab da cirewa, ba ta jure ajiya, kuma danshi da rashin iska su ne abokan ruɓa. Amma wanne ya fi yi wa manoman fadamar Rima illa, wannan sai irin tambayarki ce ke fito da shi, wani lokaci ma ita ke sa malami ya koma ya buɗe sabon bincike.

In Turanci ne ke ba ki tsoro, rubutun nan shi ne maganinsa, ki karanta daga takarda, ba wanda zai ce don me. In murya ta yi rawa, ta yi. Ta yarinyar nan ma ta yi rawa.

Su kuma masu karɓar makirufo su yi minti bakwai suna jera gaisuwa da tarihin kansu, su rufe da cewa dama ƙarin bayani ne ba tambaya ba, ina roƙonsu su ji tsoron Allah. Lokacin nan na jama'a ne, kuma duk mintin da suka ci, haƙƙin wani ɗalibi ne da ya zo da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shugabannin zama ma da nasu: ku riƙa waiwayar ɓangaren mata, ku ware wa ɗalibai kasonsu kafin manya su fara.

Tambayarki kuwa ba ta mutu ba. Ki je wurin malamin da ya shirya taron, ko ofishin shugaban sashe, ki nemi adireshin imel na baƙon. Ki rubuta masa gajeren saƙo, ki ambaci ranar laccar da takenta, ki sa tambayar, in da hali ki haɗa da hoton rudun mahaifinki ciki da waje. Sannan ki kai wa malamanki na nan ita, su da ke kusa da gonar. In amsa ta zo, ki zauna ki fassara wa Baba da Hausa, ki kuma rubuto mana abin da aka ce, manoman albasa da yawa suna karanta wannan fili.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Tsohuwar Kasuwa, karatuna na boko a sakandare ya tsaya. Nakan ga sanarwar lacca a jami'a, wani lokaci kan tarihin Daular Usmaniyya, raina ya biya, amma ina tsoron a tare ni a ƙofa a ce ina katina. Irina na iya shiga?

AMSA: Malam, kana iya shiga, kuma ina so ka shiga. Duk laccar da aka rubuta cewa ta jama'a ce, da inogural, ƙofarsu a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko kwabo. Lacca ta aji da jarrabawar kare kundin bincike su ne na 'yan ciki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, takenta kalma ɗaya ce, Iƙra, wato yi karatu, kuma wannan umarni bai ware tela ba. Ka tuna Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1997: a zaure ya yi karatunsa, amma masu digiri daga ƙasar nan da Turai gabansa suka riƙa durƙusawa suna neman tarihin Sakkwato.

Ka riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa saboda masu tsaron ƙofa, ka gaya musu laccar da ka zo saurare da zauren da ake yinta. In a mazaunin dindindin na jami'ar ne, ka shiga mota ko kabu-kabu daga Dandima, ka ba kanka lokaci, don hanyar da ɗan nisa, sai an ƙetare gadar Kwalkwalawa. Mafi yawan laccocin da Turanci ake yi, amma na sashen harsunan Nijeriya sau da yawa da Hausa ne, ka fara da su. A inogural akan raba ɗan littafin da ke ɗauke da laccar, ka yi ƙoƙari ka samu naka, ka kai shago ka bi shi a hankali tsakanin ɗinki da ɗinki. In zaman na tambaya ne kuma kana da ita, ka nemi izinin shugaban zama ka yi ta da Hausa, ba a rasa mai fassara wa baƙo. In kuma cikin bazara ne, watan Afrilu ko Mayu, ka tafi da gorar ruwanka, ka isa da wuri ka samu kujera kusa da lasifika.