Tambaya da Amsa: Wane Ne Sarkin Tanis a Cikin Maza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, kuma na fi shekara ashirin ina bibiyar wasan tanis. Gardama ta ƙi ƙarewa tsakanina da abokan zamana. Ni na tsaya a kan cewa ba a taɓa yin kamar Roger Federer ba, wani abokina ya ce Rafael Nadal, matasan cikinmu kuwa sun ce Novak Djokovic ya riga ya rufe ƙofa. Muna roƙon ka raba mana wannan gardama da hujja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, kuma na gode da wannan tambaya. Tun farko zan faɗa maka inda na tsaya domin kada ka yi ta jira: idan abin da ake nufi shi ne wanda ya fi kowa cin nasara a kan abokan karawa mafi ƙarfi, to Djokovic ne. Na faɗi haka ne alhali ni ma wasan Federer ne ya fara jan hankalina zuwa tanis, kuma har yau babu wanda nake jin daɗin kallonsa kamarsa.

Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne manyan gasanni huɗu na shekara da ake kira Grand Slam, wato ta Ostareliya a Melbourne, da ta Faransa a Paris wadda ake bugawa a kan jar ƙasa, da Wimbledon a Landan a kan ciyawa, da ta Amurka a New York. Zuwa ƙarshen 2025 Djokovic yana da kofi 24 a cikinsu, Nadal ya yi ritaya da 22, Federer da 20. Tazarar ba ta da yawa, kuma da ita kaɗai ce hujja da ban saki jiki da ita ba, domin kofi biyu ko huɗu abu ne da ciwon gwiwa na kaka ɗaya zai iya sauyawa. Abin da ya ƙara mata nauyi shi ne sauran ma'aunai ma sun karkata wuri guda. Djokovic ya yi mako 428 yana na ɗaya a duniya, Federer 310, Nadal 209. Ya kammala shekara a matsayi na ɗaya sau 8. A gasannin Masters, waɗanda ke biye da manyan huɗun a daraja, yana da kofi 40, kuma zuwa ƙarshen 2025 shi kaɗai ne ya taɓa cinye dukkan tara ɗin, har sau biyu kowacce. Lambar zinariya ta Olamfik, wadda ta daɗe tana kuɓuce masa, ya same ta a Paris a 2024 yana da shekara 37, bayan ya doke Carlos Alcaraz wanda Djokovic ɗin ya girma da shekara goma sha shida.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce yadda ya je har gidan kowanne daga cikin abokan hamayyarsa ya kayar da shi. Masu dambe sun san cewa ba a yi wa mutum kirarin gwani sai ya shiga fagen wani gari ya yi kisa a gaban makaɗan abokin karawarsa. Wimbledon gidan Federer ne, inda ya ɗauki kofi 8, amma sau uku suka haɗu da Djokovic a wasan ƙarshe a can, a 2014 da 2015 da 2019, kuma duka ukun Djokovic ne ya yi nasara. Na 2019 ɗin na san har yanzu yana yi wa masoya Federer ciwo, domin a turmi na biyar Federer yana gaba da 8 da 7, shi ke buɗa wasa, maki ɗaya kacal ya rage masa, kuma dama biyu ya samu a jere. Djokovic ya kuɓuta daga duka biyun, 'yan kallo kusan gaba ɗaya suna kiran sunan Federer, ya kuma cinye wasan bayan awa 4 da minti 57. Haka nan a Paris, inda Nadal ya buga wasa 116 aka doke shi sau 4 kawai, biyu daga cikin huɗun nan Djokovic ne ya yi su, a 2015 da 2021. Jimillar karawarsu ma ta nuna haka: yana gaban Federer da 27 da 23, yana gaban Nadal da 31 da 29.

Abokinka mai goyon bayan Nadal yana da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Kofi 14 a gasa guda, wato ta Faransa, abu ne da ban ga alamar wani zai sake yin irinsa ba a rayuwarmu. Idan aka taƙaita lissafi a manyan gasanni huɗu kawai, Nadal ne ke gaban Djokovic da 11 da 7, sa'annan yana gaban Federer da 24 da 16 a dukkan haɗuwarsu. Ya yi wannan duka yana fama da ciwon ƙafa na dindindin da ya sha hana shi wasa na watanni. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na Ostareliya a 2022, lokacin da Daniil Medvedev ya cinye turmi biyu na farko amma Nadal ya farfaɗo ya ɗauki kofin yana da shekara 35, ba zai yi shakkar zuciyar mutumin nan ba. Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne kusan kashi biyu cikin uku na manyan kofunansa a kan jar ƙasa ya same su, kuma bai taɓa cin gasar ƙarshen shekara ta gwanaye takwas ba, wadda Djokovic ya ci sau 7, Federer sau 6.

Game da naka gwanin kuwa, Malam, adalci ya sa a tuna cewa Federer ya girmi Djokovic da kusan shekara shida, saboda haka yawancin manyan karawarsu sun zo ne bayan Federer ya haura talatin. A ganiyarsa, tsakanin 2004 da 2008, ya yi mako 237 a jere yana na ɗaya, ya ci gasar Amurka sau biyar a jere, kuma daga 2004 zuwa 2010 ya kai wasan kusa da na ƙarshe a manyan gasanni 23 ba tare da fashi ba. Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa iya kamawa, wato sauƙin da yake wasa da shi, kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, da yadda ya jawo miliyoyin mutane suka so tanis. A watan Fabrairun 2020, lokacin da suka buga wasan sada zumunta da Nadal a Cape Town, a Afirka ta Kudu, ƙasar mahaifiyar Federer, mutum fiye da 51,000 ne suka cika filin. Idan abokanka suka tambayi wanda ya fi iya ƙawata wasa, ka riƙe Federer da hannu biyu. Idan kuwa tambayar wanda ya fi cin nasara ce, ba ni da hujjar da zan ba ka wadda za ta tsaya a gaban ta matasan nan.

Tambaya: Ni dattijo ne da na fara jin labarin tanis a rediyo tun shekarun 1970. Na lura duk gardamar yau a kan mutum uku take, kamar ba a yi Rod Laver da Bjorn Borg ba. Shin an yi musu adalci? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Baba, ba a yi musu adalci ba, kuma wannan tambaya taka ita ce ta fi wahalar amsawa a cikin duk abin da ya shafi batun. Laver, ɗan Ostareliya, ya cinye manyan gasanni huɗun a cikin shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969, kuma tun daga nan babu namijin da ya sake yi ko sau ɗaya. Djokovic ya kusa a 2021, ya ci uku ya kai wasan ƙarshe na huɗu a New York, sai Medvedev ya tare shi. Abin da matasa ba su sani ba shi ne, a zamanin Laver duk wanda ya koma buga wasa don kuɗi an haramta masa shiga waɗannan gasanni, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a 1968. Saboda haka daga 1963 zuwa farkon 1968, shekarun da ƙarfinsa ya fi cika, manyan gasanni 21 suka wuce shi yana waje. Duk da haka ya tashi da kofi 11. Mai son ya rage masa daraja zai ce a lokacin uku daga cikin gasanni huɗun a kan ciyawa ake buga su, kuma ƙasashen da ke fitar da 'yan wasa ba su kai na yau yawa ba, kuma wannan gaskiya ne.

Borg na Suwidin shi ma kofi 11 ya tara, 6 a Paris da 5 a jere a Wimbledon daga 1976 zuwa 1980, a zamanin da bambancin jar ƙasa da ciyawa ya fi na yanzu nisa, domin a ciyawar wancan lokaci ƙwallo sulɓewa take yi da sauri, sai a 2001 aka sauya irin ciyawar da ake shukawa a Wimbledon. Sau ɗaya tak ya je gasar Ostareliya, kamar yadda gwanaye da yawa na zamaninsa ba su damu da ita ba, sa'annan ya ajiye wasa yana da shekara 26. Wannan ya nuna cewa ƙidayar manyan kofuna a matsayin ma'aunin fifiko sabon abu ne, wanda ya yi ƙarfi a lokacin da Pete Sampras ya wuce 12 na Roy Emerson a shekarar 2000, ya kuma tsaya a 14. Ba daidai ba ne a auna mutanen da suka yi wasa da raket, wato abin dukan ƙwallo, na katako, ba tare da tawagar likitoci da masu kula da abinci ba, da ma'aunin da su kansu ba su san za a auna su da shi ba. Shi ya sa hukuncin da na yanke wa Djokovic na taƙaita shi ga zamanin da ya fara daga 1968. Idan aka faɗaɗa zuwa tarihin wasan baki ɗaya, Laver ne kaɗai nake ganin yana da ikon zama kafaɗa da kafaɗa da shi.

Tambaya: Ko Alcaraz ko Jannik Sinner za su iya kamo Djokovic? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: 'Yata, Alcaraz ya kammala 2025 da manyan kofuna 6 yana da shekara 22, Sinner kuma da 4, kuma su biyun ne suka raba dukkan takwas na 2024 da 2025 a tsakaninsu. A irin wannan shekaru Djokovic kofi ɗaya kawai yake da shi, na Ostareliya a 2008, don haka farawar Alcaraz ta fi tasa sauri nesa ba kusa ba. Sai dai rabin kofunan Djokovic, wato 12, bayan ya cika shekara talatin ya ci su. Kafin ɗayansu ya kai 24, sai jikinsa ya ɗauke shi shekara goma ko fiye nan gaba ba tare da babban rauni ba, kuma sai ya riƙa ƙwace kofuna daga hannun ɗayan, kamar yadda aka gani a Paris a 2025, inda Alcaraz ya tsira daga maki uku da za su ba Sinner kofin, ya ci wasan bayan awa 5 da minti 29.