Faifan da muka gada: kiɗan ne gurgu ko faifan ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum. A adakar marigayi mahaifinmu mun tarar da baƙin faifai na wasu makaɗan jita da ba wanda ya san su, an rubuta shi ne na farko da suka fitar. Waƙa ɗaya ta cinye fuska guda, kiɗan kuma yana ɗingishi. Lalacewa ya yi?
Sani, Kaura Namoda, Zamfara

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Allah ya jiƙan Baba. Da alama abin da ke hannunka furogiresif rok ne, salon da ya taso a Ingila ƙarshen shekarun 1960. Faifan farko na ƙungiyar makaɗan King Crimson, na 1969, yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar. Masu wannan salo kan ja waƙa ɗaya ta kai minti ashirin, kuma da gangan suke jera bugu biyar ko bakwai inda kunne ya saba jin huɗu.

Gwajin ba wuya. Bi kiɗan da tafi kana ƙirgawa. In ɗingishin yana faɗowa a lamba ɗaya kullum, muryar mawaƙi kuma ba ta yanke ba, aikin makaɗa ne. In kuwa kana jin "ƙas" duk bayan kusan daƙiƙa biyu, karce ne, domin faifai mai juyi 33 da sulusi a minti yana zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 1.8.

Kada ka kuskura ka ɗora shi kan tsohon garmahon da ake wanawa da hannu. Wancan na faifan juyi 78 ne, allurarsa ta ƙarfe za ta nome layukan kamar garma. Nemi na lantarki, nauyin allura wajen giram biyu. Masu ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle, faifan suke kashewa a hankali.

Yawancin ƙarar ma ƙurar hunturu ce. Samu tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota (ka tabbata ba mai asid ba ne), lita ɗaya, ɗigo biyu na sabulun wanke kwanuka. Goga da tattausan ƙyalle kana bin zagayen layukan, kada takardar tsakiya ta jiƙe. Ɗauraye, ka jingine shi a inuwa. Ban da kananzir, ban da fetur. A tsaye ake ajiye shi, nesa da rufin kwano, don zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, faifai ya lanƙwashe.

Batun su wane ne kuwa, karkata faifan ga haske: kusa da takardar tsakiya akwai lamba da aka zana a jikinsa. Sa ta a Discogs, shafin intanet mai tara bayanan faya-fayai, tare da sunan kamfanin. In ka ga kamfanin EMI na Legas, zai yiwu 'yan gida ne, tsaran ƙungiyoyin makaɗan rok na Legas irin su Ofege da BLO. Kwalin ma ka adana shi ko ya yage, sunayen makaɗan galibi a bayansa suke.