Amsa: Awo ɗaya bai isa a ce hawan jini ne ba

Malama Hadiza, kin ce ma'aikacin lafiyar unguwarku a Garwa ya auna jinin Baba, ya samu 150/95. Kada a yanke hukunci tukuna, a sake aunawa wata rana. Baba ya zauna minti 5, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, ba goro ko taba minti 30 kafin awo. In madaurin na'urar awon ya yi wa damtse ƙanƙanta, lambar kan haura ta gaskiya.

Idan ta sake kai 140/90, sai asibiti. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, har da na dunƙulen magi, nan mutane ke yaudarar kansu. In lambar awon ta kai 180/120 da ciwon ƙirji, ku tafi asibiti nan take.