Amsa ga mai tambayar yadda zai jera asibitocin horon anestiziya a Amurka

Wa alaikumus salam Likita, barka da ƙoƙari. Ka ce ka gama jarrabawar USMLE, ta lasisin aikin likita a Amurka, mataki na 1 da na 2, asibitoci 9 sun kira ka intabiyu a fannin sa barci da kashe zafin tiyata, wato anestiziya, yanzu kuma ka rasa yadda za ka jera su kafin a rufe. Kana tambaya ko ka bi jerin Doximity, shafin likitocin Amurka da ke jera asibitocin horo, ko ka ɗora wanda ya fi nuna yana son ka a sama.

Bari in fara da ta biyun, don nan mutane suka fi cutar kansu. Kada ka ɗora asibiti a sama don kawai kana ganin shi ne zai ɗauke ka. Tsarin da NRMP, hukumar raba guraben horon likitoci a Amurka, ke aiki da shi tun 1998 daga ɓangaren mai nema yake farawa. Kwamfuta za ta fara kai ka zaɓinka na farko. Idan gurabensu sun cika da waɗanda suka fi so a kanka, sai ta sauko da kai na biyu, a can kuma in sun fifita ka a kan wani da ya riga ya zauna, shi za a tayar a ba ka kujerar, ko da shi ya sa su na ɗaya kai ka sa su na biyu. Ka ga ke nan sa babban asibiti a sama bai rage maka komai a na ƙasa ba. Wannan lissafi na cikin aikin da ya sa aka ba Alvin Roth da Lloyd Shapley kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012, ba a yi masa wayo. Saƙon da wani darakta zai turo yana cewa sun ji daɗin hira da kai, za su sa ka a sama, ka yi godiya ka ajiye shi gefe. Ba alkawari ba ne, ba ya ɗaure kowa, kuma dokar NRMP ta hana su matsa maka ka faɗi inda za ka sa su.

Shi kuwa Doximity, babban abin da ke ɗaga asibiti a jerinsa na suna ƙuri'ar likitoci ce, kowa ya zaɓi wuraren da yake ganin sun fi. Asibitin da ya daɗe yana yaye mutane da yawa dole ya fi samun masu ambatonsa. Yana gaya maka wanda ya yi suna, ba ya gaya maka wanda zai bar ka ka riƙe allura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kafin ma a kai ga inganci, duba harafin da ke kusa da ƙarshen lambar kowane gurbi. Horon shekara 4 ne: shekarar share fage, sannan shekara 3 na ainihin anestiziya, wato CA-1, CA-2 da CA-3. Gurbi mai harafin C ya haɗa duka huɗun wuri guda. Mai harafin A shekara 3 na ƙarshe kawai yake ba ka, kuma sai bayan shekara guda za ka fara, don haka sai ka nemi shekarar farko daban, a sashen cututtukan ciki ko na tiyata ko mai gauraye, ka haɗa ta da ƙaramin jeri na musamman da ake liƙa wa wannan gurbin. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya samu gurbin A, ƙaramin jerin nasa ya tashi babu komai, sai ya shiga rububin SOAP, wato neman guraben da suka rage, cikin makon sakamako yana neman shekara guda ko ta halin ƙaƙa. Hausmanship da bautar ƙasa da ka yi a gida ba sa cike wannan gurbin. Ga wanda ya zo daga waje, gurbin A na nufin neman biza ta hannun asibitoci biyu, wani lokaci da ƙaura sau biyu. In asibiti ɗaya yana da C da A, ka sa duka biyun, C a sama, in dai kana da intabiyun shekarar farko da za ka jingina A da ita.

Sai biza, wadda ita kaɗai za ta iya rushe komai. J-1 ta hannun ECFMG take zuwa, wato hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, tana buƙatar takardar ma'aikatar lafiya ta ƙasarku da ke cewa ana bukatar wannan ƙwarewa, kuma tana ɗauke da sharaɗin komawa gida shekara 2 bayan gamawa, sai dai in an yafe maka ta hanyar aiki shekara 3 a yankin da ke ƙarancin likitoci, kamar tsarin Conrad 30. H-1B ba ta da wannan sharaɗi, amma sai ka ci USMLE mataki na 3 tun da wuri, kuma asibitocin da ke bayar da ita ba su da yawa. Dokokin shiga Amurka sun tsananta daga 2025, suna kuma sauyawa, don haka kada ka dogara da abin da ke shafin asibiti. Rubuta wa ofishin horon likitocinsu, ka faɗi fasfon da kake riƙe da shi, ka nemi amsa a rubuce. Ka kuma tambaya likitoci nawa ne masu biza a cikin ɗalibansu na yanzu. Inda babu ko ɗaya, kai za a koyi cike takardu a kanka.

To yanzu ga asalin aikin. Kowane asibiti zai ce maka ɗalibansa suna cika adadin ayyukan da ACGME, hukumar ba da izinin horon likitoci, ta gindaya. Dole su cika, in ba haka ba a janye musu izini, don haka wannan amsa ba ta bambanta kowa. Adadin ma ƙasan tukunya ne: allurar baya 40, efidural (allurar bayan da ake zura siririn bututu) 40, allurar kashe jijiyar hannu ko ƙafa 40, tiyatar zuciya 20, ta ƙirji 20, ta ƙwaƙwalwa 20, ta manyan jijiyoyin jini 20, tiyatar haihuwa 20, masu naƙuda 40, yara 'yan ƙasa da shekara 12 guda 100, a ciki 20 'yan ƙasa da shekara 3, biyar kuma jarirai da ba su kai wata 3 ba. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce: yaushe kuke cika su? Nemi ɗan CA-3 ka tambaye shi lambobinsa na kansa. Wanda ya ce ya wuce efidural 40 tun watansa na farko ko na biyu a ɗakin haihuwa, ya yi allurar jijiya har ya daina ƙirgawa, wannan wuri ne mai aiki. Wanda ya ce sai wata biyu kafin yaye su ake bin su da waya a cike musu tiyatar ƙirji, ka gane.

Ka matsa a kan jariran nan biyar. Ɗan wata 2 da aka kawo tiyatar gwaiwa, nauyinsa bai wuce kilo 4 ba, iskar jininsa tana zubewa cikin daƙiƙu kaɗan in an yi jinkirin zura bututun numfashi, jijiyar sa ruwa kamar zare. Wanda ya tsaya a kan irin wannan sau biyar kacal, ana riƙe da hannunsa, ba zai yarda ya taɓa shi shi kaɗai ba bayan ya gama, kuma yana da gaskiya. Tambayi ko suna da asibitin yara nasu, ko tura ku ake wani gari na wata biyu. In turawa ake, wa ke biyan masauki da mota? Haka tiyatar zuciya da dashen hanta. Asibitin da ke dashen hanta, kuma yake mataki mafi girma wajen karɓar masu haɗari, nan ake koyon ƙarin jini mai yawa cikin gaggawa, lokacin da jini ya ƙi daskarewa, sinadarin kalsiyam ya faɗi, jiki ya yi sanyi. Ba a koyon wannan a littafi.

Manyan wurare irin su Massachusetts General a Boston, inda aka fara nuna sa barci da sinadarin ether a bainar jama'a ranar 16 ga Oktoba 1846, ko Cleveland Clinic da ta shahara a tiyatar zuciya, ko Pittsburgh da tarihinta na dashen hanta, suna da aiki mai yawan gaske. Amma a duk babban wuri akwai masu horon ƙari na shekara guda, wato felo, a zuciya, yara, haihuwa, kashe jijiya da kulawa ta musamman. Felo ba abokin gaba ba ne, yana koyarwa, kuma zamansa na sauƙaƙa maka samun gurbin horon ƙari a gida. Abin tambaya shi ne wa ke zaune a kan majinyaci. A tiyatar zuciya, wa ke sa layin jijiyar wuya, wa ke riƙe na'urar hoton zuciya ta maƙogwaro, wa ke jan ragama lokacin cire mutum daga injin zuciya da huhu? A wasu wuraren ɗakin naka ne, felo yana duba ka. A wasu kuwa kai ne mai ɗauko magani. Matsakaicin asibitin jami'a da ba shi da felo da yawa sau tari ya fi babban suna cika wa ɗalibi hannu.

Akwai kuma abin da babu irinsa sosai a tunanin wanda ya zo daga gida: ma'aikatan jinya masu lasisin sa barci, CRNA. Yadda ake raba ɗakuna tsakaninku da su shi ne rayuwarka ta kullum. Tambayi wa ke rubuta allon gobe, kuma wa ake fara ba babbar tiyata. Sannan ka tambayi ƙarfe 5 na yamma. A wuri mai kyau, in yamma ta yi sai a turo wani ya karɓe ka, ka je ka duba majinyatan gobe, ka kira babban likitan da za ku yi aiki tare ku tsara, ka samu awa ɗaya ta karatu. A wani wurin su ne ke tashi kan lokaci saboda awa ake biyan su, kai da albashinka ba ya motsi a bar ka kana gadin tiyatar ƙashi har 8 na dare. Dokar awa 80 a mako matsakaici ce ta mako 4, don haka kada ka tsaya a kanta. Tambayi ainihin awannin CA-1, kwanan aiki nawa a wata, na awa 24 ne ko na dare zalla, ana ba da hutu washegari, ƙarshen mako nawa kake da shi cikakke. In ɗalibai uku suka ba ka amsa iri ɗaya, gaskiya ce. In suka kalli juna kafin su amsa, ita ma amsa ce.

Watan farko na CA-1 ma abin dubawa ne. Wuraren kirki suna haɗa ka da babban likita ɗaya ko biyu na makonni, kai da shi kawai, kafin a fara barin ka a ɗaki. Bayan nan ƙa'ida ita ce babban likita ba zai duba fiye da ɗaki biyu ba in akwai ɗalibi a ciki.

Jarrabawar ABA, hukumar ba da shaidar ƙwarewa a anestiziya, uku ce: BASIC a ƙarshen CA-1, ADVANCED bayan gamawa, sai APPLIED ta baka da ta gwajin aiki. Nemi sakamakon shekara 5 na waɗanda suka ci a zaman farko, ka kuma tambayi abin da ake yi wa wanda ya faɗi BASIC, ana taimakonsa ko ana nuna masa ƙofa. Ana fitar da ku daga ɗakin tiyata don darasi, ko darasin ƙarfe 6 na safe ne wanda rabin aji ba ya samun zuwa? Shiga shafin ACGME ka duba matsayin izinin kowannensu, a buɗe yake ga kowa: mai gargaɗi ko mai zaman gwaji sai ya sauka ƙasa. Sabon shiri da bai yaye kowa ba ba laifi ba ne, amma ba shi da sakamakon da zai nuna maka. Ka lura da wurin da aka sauya darakta da shugaban sashe a shekara ɗaya, ko manyan likitoci ke ta ficewa, ko ɗalibai biyu uku suka bar aji guda.

Gari kuwa, kada kunya ta hana ka sa shi a ma'auni, shekara 4 ba kwana 4 ba ne. Albashin shekarar farko yawanci tsakanin dala dubu 60 da 75 yake, ya ɗan fi haka a New York da Kalifoniya, amma kuɗin haya a can yana cinye bambancin har da ƙari. Texas da Florida ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Sanyin Minnesota ba wasa ba ne, sai dai Minneapolis cike take da Somaliyawa, masallaci da naman halal ba sa wuya. Haka yankin Detroit, Bronx kuma akwai mutanenmu na zangon Ghana da sauran Afirka ta Yamma. In da iyali za ka tafi, tambayi kuɗin inshorar lafiyarsu da na renon yara, da ko sai da mota ake rayuwa. Maganar Juma'a da azumi, ɗalibai za ka tambaya ba darakta ba: in akwai tsarin karɓar mutum ya ci abincin rana, to sallar ma za ta samu. 'Yan'uwa mata masu bibiyar wannan magana su tambayi abin da aka yarda a rufe kai da hannu da shi a ɗakin tiyata, don ƙa'idar ta bambanta daga asibiti zuwa asibiti.

Wajen jerawa, ɗauki biyu biyu ka tambayi kanka: in waɗannan kaɗai suka rage, wanne zan buɗe takarda in yi murna? Wanda ya yi nasara ya hau. Ya fi teburin maki, don a tebur mutum yakan yi ta gyara lambobi har sai wanda zuciyarsa ke so ya ci. Guda 9 ɗin nan ka sa su duka, har 20 ba a ƙara kuɗi, kuma samun gurbin anestiziya ya yi wuya a 'yan shekarun nan, musamman ga ɗan waje. Wanda za ka cire kawai shi ne wanda ba zai ba ka biza ba, ko wanda ka gwammace ka zauna shekara guda da ka je, domin duk inda sunanka ya faɗa ya zama dole a kanka, ƙin zuwa laifi ne da NRMP ke hukuntawa.

Ana buɗe shigar da jeri farkon Fabrairu, a rufe wajen farkon Maris da ƙarfe 9 na dare agogon New York, wato 3 na dare agogon Najeriya da Nijar, an shiga washegari. Ka tabbatar ECFMG ta tantance jarrabawarka kafin ranar, in ba haka ba za a cire ka. Shigar da jerin mako guda kafin lokaci, ka danna tabbatarwa, ka ajiye imel ɗin shaida. Duk sanda ka taɓa jerin bayan nan, ko gurbi ɗaya ka matsar, sai ka sake tabbatar da shi, don jerin da ba a tabbatar ba kwamfuta ba ta karanta shi.